Lasifikar Hagu

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Furodusa ta dawo min da kashi na huɗu na wasan kwaikwayon. Duk shekarun da na yi ina haɗa sauti, a gidan rediyo da kuma nan gida bayan na ajiye aiki, ba a taɓa dawo min da aiki ba sai yau. Kuma wadda ta dawo da shi yarinya ce da ni na koya mata riƙe makirufo.

Ta yi ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce, "Malam, ko wajen turowa ne ya lalace? Muryoyin sun yi tsini da yawa. Duk inda aka ce 'sannu' sai ka ji kamar an jefa albasa a mai mai zafi. Sannan komai ya karkata hagu."

Na ce mata wajen turowar ne mana. Na sha gaya musu su daina karɓar aiki ta waya. Manhajar nan matse sauti take yi don fayil ya yi ƙanƙanta. Sai ta ɗebe duk abin da take ganin kunne ba zai lura ba ta zubar, ta bar maka fata da ƙashi. Na ce zan sake duba shi in ba ta cikakken fayil ɗin WAV a filash, wanda ba a taɓa ko gashinsa ba.

Ta ce, "To, Malam." Ban ji daɗin wannan "to" ɗin ba.

Talata, 4 ga wata, da rana

Na saurari kashin daga farko har ƙarshe. Ni dai ban ji tsini ba, ban ji karkata ba. In ma akwai abin cewa, gefen hagun ne ya yi sanyi, shi ya sa tun watannin baya nake ɗan ɗaga shi.

Lasifikun nan sun tsufa, dole in yarda. Tun babbanmu yana firamare na saye su, ga shi yanzu shi ma yana kai nasa makaranta. Takardar cikin lasifika tana gajiya kamar komai.

Matata Malama ta shigo da shayi ta dire a gefen kibod, inda ta san na hana. Wai ta yi ta kirana daga falo har muryarta ta dushe. Na ce fankar kwamfutar nan ce, ta cika ƙara. Ta dubi kwamfutar a ƙarƙashin tebur, ta dube ni, ta koma kan takardun ɗalibanta. Jarrabawa ta matso, falon nan duk ya zama takardu da jan biro.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Lasifikar hagu ce. Na tabbata.

Alhamis, 6 ga wata, da yamma

Na kai lasifikun shagon Dogo. Dogo yaron kirki ne, hannunsa na da kyau a gyara, amma kwanan nan ya koyi magana kamar da ruwa a bakinsa. Sai ka tsare shi da ido kafin ka gane me yake cewa. Ga masu walda a maƙwabta, ga janareta.

Ya jona su a kwamfutarsa, ya kunna wani kiɗa, ya sa kunne a wannan, ya sa a waccan.

"Oga, lafiyarsu ƙalau fa. Irin waɗannan ma ba a yin su yanzu."

"Ta hagun ba ta fitar da siririn sauti."

"Wacce ce ta hagun? Ni na ma juya su wajen jonawa."

Na ce a cikin wannan hayaniyar ko jaki aka sa a lasifika zai ce masa lafiya ƙalau. Ya yi dariya, ya sauko min da wasu sababbi daga saman kanta, baƙaƙe, masu nauyi, irin na ɗakin ɗaukar shiri waɗanda ba sa yi wa sauti kwalliya. Abin da ke cikin fayil shi za su ba ka, mai daɗi ko marar daɗi. Na ce su nake so. Tsofaffin na bar masa, ya ce zai ajiye min su ko zan dawo. Na ce ba zan dawo ba.

Juma'a, 7 ga wata, da la'asar

Yau na ji daɗin aiki. Na janye tebur daga bango, don lasifika in ta manne da bango sai kaurin sauti ya kumbura ya danne magana. Na ɗora kowacce a kan soso kada tebur ya riƙa amsawa. Na ɗaga su daidai tsayin kunne da tsofaffin littattafan Malama, ban tambaye ta ba. Na auna da igiya yadda tsakaninsu zai yi daidai da tsakanina da kowacce, na ɗan juyo fuskokinsu su kalle ni. Na raba kebul ɗin sauti da na wuta, kada su haɗa hanya.

Na zauna, na kunna.

Ta dama kamar mutum na tsaye a ɗakin. Ta hagu kamar an lulluɓe ta da bargo.

Sababbi fil. To ba lasifika ba ce kenan, katin sauti ne. Wanda ke manne a jikin uwar kwamfutar dama ba abin arziki ba ne, yana zaune cikin wayoyi da fankoki yana kwasar ƙazantar kowa. Shi ne ma ke kawo wannan siririn kukan, wiii, da nake ji kwanan nan.

Juma'a, bayan an ɗauke wuta

Kukan yana nan. Wataƙila injin maƙwabta ne.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

Dogo ya kawo katin sauti na waje, ɗan akwati ja mai shiga ta USB, da maɓallin ƙara babba a gaba. Amfaninsa shi ne ya fitar da aikin sauti daga cikin kwamfutar gaba ɗaya, nesa da hayaniyarta. Ya saka manhajarsa, ya kashe na ciki, muka kunna wani tsohon ɗauka da na yi da hannuna, wanda na san kowane numfashi a cikinsa.

Dogo ya riƙe baki. "Kai, Oga! Har motsin kujerar mai maganar ana ji."

Babu motsin kujera a wannan ɗaukar. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na tuna akwai. Kujerar katako ce, na yi faɗa a kanta a ranar.

Na miƙa hannu na ɗan ɗaga hagu. Dogo ya ce, "A'a, ya yi daidai a da fa." Na ce ya bari, ɗakin ne haka. Sai na ga ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Malama ce a tsaye, ban san lokacin da ta zo ba.

Ita ta raka shi bakin gida. Sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Kowa yanzu ƙasa-ƙasa yake magana.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Muna karyawa Malama ta ajiye kofinta ta zagayo ta zauna a damana. Ta ce, "Injiniya, ba lasifika ba ce."

Ita kaɗai ke kirana Injiniya, da zolaya ta fara tun muna saurayi da budurwa. Yau ba zolaya a ciki.

Ya kamata in rubuta abin da nake son koya wa yaran gidan rediyo game da matse sauti, don kullum suna ruɗewa. Iri biyu ne. Akwai wanda ake matsewa ba a zubar da komai, kamar FLAC. Shi kamar ninke riga ne a sa a jaka, in ka warware ta tana nan yadda take. Akwai kuma irin su MP3, da ke yanke hannun rigar da aljihu don ta shiga jakar. In an yi shi da sauƙi, ba kowa ke ganewa ba. In an matsa da yawa, abin da ke fara tafiya shi ne saman sauti, wato "s" da "sh" da "f", da ƙarar makulli, da shigar ruwa a kofi. Magana tana nan, kana jin ana yi, amma gefenta ya goge, sai "sani" da "fani" su zama ɗaya. Kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Ko ka mayar da fayil ɗin WAV, girma kawai zai ƙara.

Na ci gaba da karyawa. Malama ba ta sake maganar ba. Ta kwashe kofunan.

Talata, 11 ga wata, da rana

Furodusa ta zo da kanta, filash ɗina a hannunta. Ta gaisa da Malama, ta ƙi zama a falo, ta ce a ɗakin aiki take son mu yi magana.

Ta yaba sababbin kayan. Sannan ta ce cikakken fayil ɗin ma haka yake, har ya fi na farko tsini. Shugaban shirye-shirye ya ce ba zai sa shi a iska ba, ga masu ɗaukar nauyi suna jira.

"Malam, ko za a samu wani ya riƙa sauraro tare da kai kafin a kawo? Kunne biyu ya fi..."

Na ce ina da kunne biyu.

Ta sunkuyar da kai tana wasa da filash ɗin. Na ga yarinyar da ta zo neman aiki tana rawar murya, na kuma ga matar da yanzu mutane da yawa ke cin abinci a ƙarƙashinta. Ta ce za ta roƙa a ɗaga mata zuwa mako mai zuwa. Na raka ta har mota. Ta faɗi wani abu ta taga, na gyaɗa kai na yi murmushi. Ban san me na amince da shi ba.

Laraba, 12 ga wata, da azahar

Malama na makaranta, gidan ba kowa. Na ce bari in bi abin daki-daki kamar yadda nake koyarwa.

Na musanya kebul ɗin hagu da na dama a bayan katin. Da katin ne, da matsalar ta koma dama. Tana hagu.

Na ɗauki lasifikun na musanya musu wuri. Tana hagu.

Na ce labulen tagar hagu ne ke shanye sauti. Na hau kujera na sauke shi, har da sandar. Tana hagu.

Na zauna ina kallon tebur. Saura abu ɗaya a ɗakin da ban musanya ba. Kujerata mai juyawa ce. Na bar sautin yana tafiya, na juya na ba kwamfutar baya, ina kallon ƙofa.

Bargon ya tashi daga waccan lasifikar ya koma ɗayar.

Na juyo, ya dawo. Na sake juyawa, ya bi ni.

Na mayar da labulen kafin Malama ta dawo. Sandar ta ɗan karkace.

Alhamis, 13 ga wata, da safe

Ban kunna kwamfuta ba.

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

Na share tsakar gida. Na gyara famfon banɗaki da ke ɗiga. Malama ta ce ya fi wata yana ɗiga yana hana ta barci, ta ɗauka ina sane nake ƙyale shi.

Da ta idar da girki na same ta a kicin na ce, "Wane asibitin kika ce?"

Ba ta taɓa ce min kowane asibiti ba. Amma ba ta juyo ba, ta faɗi sunansa, ta ce Litinin likitan ke gani, ta riga ta nemi izini a makaranta.

Litinin, 17 ga wata, da la'asar

Sun sa ni a wani ɗan ɗaki mai soso a bango, irin wanda na ƙare rayuwata a ciki, sai dai wannan karon ni ne a bayan gilashi. Wata ma'aikaciya ta sa min hedifon, ta ba ni maɓalli, ta ce in na ji ƙara in danna. Hedifon ɗin tsoho ne, fatarsa ta fashe. Na so in gaya mata, na haƙura.

Da farko ina dannawa kamar ɗalibin kirki. Can sai aka yi shiru mai tsawo. Ina ganin hannunta ta gilashi yana murɗa abu, tana ɗagowa tana dubana, tana sake murɗawa. Ni kuma ina zaune da maɓalli a hannu.

Likitan ya juyo min da takardar zai fara bayani. Layi biyu ne, ja da shuɗi, suna tafiya daga kaurin sauti zuwa siririnsa. Ja ya gangara a hankali. Shuɗi, na kunnen hagu, ya faɗa rami. Na ce, "Likita, bar shi, irin wannan zanen nake karantawa tun kafin a haife ka." Ya yi dariya, ya ce to Baba ka sauƙaƙa min.

Amma bai gama ba. Ya ce da duka biyun tare suka sauka, da ya ce shekaru ne da aiki. Tunda ɗaya ya tsere wa ɗaya haka, yana son a ɗauki hoton cikin kai. "Don mu cire shakku ne kawai," in ji shi. Malama ta tambaye shi shakkun me. Ya gaya mata. Ya juya gefenta ya faɗa a hankali, amma ina kallon bakinsa. Ƙari, irin wanda ke tsirowa a cikin kai.

Muka shiga mota. Ta riƙe hannuna a kan giya har muka iso, abin da ba ta yi ba tun yaran suna ƙanana.

Talata, 18 ga wata, da safe

Hoton sai Litinin mai zuwa. Na ce kada a gaya wa yaran tukuna.

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Zama ba aiki ya fi komai wuya, sai na kunna kwamfutar. Na buɗe kashi na huɗu na duba ikwalaiza, inda ake ƙara kauri ko tsinin murya. Na ga abin da hannuna ya yi. Gefen siririn sauti na tura shi sama kamar matakalar bene. Na buɗe na uku, na biyu, na ayyukan bara. A hankali matakalar ta yi ta hawa, wata bayan wata. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Na mayar da komai daidai. Na dawo da hagu da dama tsakiya, ba da kunne ba, da ido, ina kallon mitocin nan biyu masu tsalle har suka yi kai ɗaya. A kunnena aikin ya zama kamar ana magana a cikin tulu. Na bar shi haka.

Na kira Malama na zaunar da ita a kujerata, daidai tsakiyar lasifikun. Na ce ta saurara ta gaya min ko "s" tana sukar kunne.

Ta saurara har aka gama. Na ce yaya?

Ta ce, "Yanzu wannan direban da gaske zai sayar da shagon ƙanwarsa bai gaya mata ba?"

"Malama, sautin nake tambaya."

"Sauti lafiya lau. Sa min na biyar."

"Ban haɗa ba."

"To me kake jira? Mutum zai cuci 'yar'uwarsa kana zaune."

Na yi dariya har da hawaye. Ita ma ta yi, sannan ta tashi da sauri wai ta bar abu a wuta.

Alhamis, 20 ga wata, da rana

Na je gidan rediyo da kaina. Mai gadi ya tashi ya gaishe ni kamar da. Furodusa ta rufe ƙofar ofis, na zauna na juya mata damana, na gaya mata. Na yi ta shirya maganar a hanya, da na zo faɗa ba ta fi jimla biyu ba.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Malam, ka yafe min. Tun kashi na ɗaya nake ɗan gyarawa kafin in miƙa. Na huɗun ne ya fi ƙarfina."

Wannan ta fi ta likita zafi. Na miƙe zan tafi.

Ta tare ƙofa. Ta ce in saurare ta ko sau ɗaya, ita ta saurare ni shekara da shekaru. Ta ce daidaita tsini da kauri, ko wanda ya zo jiya zai yi in an nuna masa. Amma sanin inda za a yanke, da tsawon shirun da za a bari kafin mace ta amsa wa mijinta, da numfashin da za a cire da wanda in an cire an kashe wasan, ta nema a gidan nan ba ta samu ba. "Kai ka yanka ka jera, ka kawo min cikakke. Ni zan yi shafar ƙarshe. Sunanka na nan inda yake."

Na ce zan yi tunani. Na ba ta filash ɗin na huɗu.

Juma'a, 21 ga wata, da safe

Na yi tunanin. Na fara na biyar.

Lahadi, 23 ga wata, da la'asar

Babbanmu ya kira ya ce yana hanya gobe. Na dubi Malama. Ta ce, "Kai ka ce kada a gaya wa yara. Wannan mai furfura a gemu ba yaro ba ne."

Direban bai sayar da shagon ba tukuna. Na bar shiru mai ɗan tsawo kafin ya sa hannu, sannan na yanke a kan ƙarar buɗe ƙofa. Ina ganin ƙarar a allo, tsininta ya tashi kamar ƙaya. Na san tana da kyau.

Litinin, 24 ga wata, da yamma

Sun tura ni cikin na'urar ɗaukar hoton kamar burodi a tanda. An ce kada in motsa. Tana bugu, tana gurnani, tana canja kiɗa. Na kwanta ina rarraba ƙararrakin, wannan na ƙasa ne, wannan na tsakiya, don kada in yi tunanin abin da take nema.

Da na fito na tarar da uwa da ɗa a benci, sun yi zuru kamar waɗanda aka kama da laifi. Na ce musu wanda ya haɗa sautin na'urar nan a kore shi daga aiki. Yaron ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta.

Sakamako sai Alhamis.

Talata, 25 ga wata, da rana

Kashi na biyar. Ruwa aka yi da safe.

Laraba, 26 ga wata, da rana

Kashi na biyar. Na goge kwamfutar ciki da waje, na busa ƙurar fanka. Na jera tsofaffin fayilolina, na nuna wa yaron inda komai yake da yadda ake buɗewa. Ya ce, "Baba, me ya kawo wannan?" Na ce tsari ne kawai. Ya fita tsakar gida ya daɗe.

Alhamis, 27 ga wata, da azahar

Ba shi ba ne. Babu komai a hoton.

Malama ta sa likitan ya maimaita. Ya maimaita da ƙarfi, ya ce wannan na Baba ne. Sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Duk makonnin nan ban ga hawayenta ba sai da aka ce lafiya.

Na tambaye shi to mene ne. Ya ce ba zai iya rantsewa ba. Ko shekarun hedifon, ko wani zazzaɓi da na manta, ko gado. Abin da ya tafi dai ya tafi, sai a tallafi wanda ya rage. Na ce na sani, haka nake gaya wa ɗalibaina.

Litinin, 1 ga sabon wata, da yamma

Yaron ya koma. An sa na huɗu a iska jiya. Dogo ya kira wai matarsa ta ce in direban nan ya sayar da shagon, kada in sake zuwa gyara wurinsu.

Alhamis, 4 ga wata, da la'asar

An sa min na'urar ji yau, ƙarama kamar ƙwayar wake, da siririyar waya a bayan kunne. Ma'aikaciyar nan ta jona ta da kwamfuta tana daidaitawa. Na leƙa allon, sai ga ikwalaiza. Na tambaye ta me wannan layin yake yi, ta ce yana danne ƙara mai ƙarfi ya ɗago marar ƙarfi don su shiga ɗan wurin da ya rage min. Na ce wato ni ma an matse ni kenan. Ta ga ina ta miƙa wuya, sai ta turo min linzamin kwamfutar ta ce, "Baba, gwada da kanka, amma kada ka wuce nan." Na rage tsinin kaɗan. Ta ce yawancin mutane sai sun dawo sau da yawa kafin su iya faɗin abin da ke damunsu.

Ba daɗi, in faɗi gaskiya. Muryata kamar daga cikin gwangwani. Takarda tana ihu, cokali yana ihu, takalmina ashe ƙara yake yi. An ce ƙwaƙwalwa za ta saba.

Asabar, 6 ga wata, da hantsi

Ina ɗakin aiki ina yanka na shida, sai na ji wani sauti da ba ya cikin fayil. Na tsayar. Yana nan. Siriri ne, yana hawa yana sauka, ba bisa ƙa'ida ba. Na duba kebul, na duba katin, na kashe lasifikun. Yana nan, kuma daga falo yake zuwa.

Na leƙa. Malama ce a ƙasa cikin takardunta, jan biro a hannu, tana waƙa. Ba da ƙarfi ba, a hanci take yin rabi, tana kaɗa kai. Muryar ba ta tsaya a layi ko sau ɗaya ba. Tunda na aure ta ban taɓa jin ta yi waƙa ba. Takan ce ba za ta yi a gidan da ake auna sauti da mita ba.

Na tsaya a ƙofa har ta ɗago ta gan ni. Ta daina waƙar, ta dubi kunnena.

"Au. Na manta ka sa abin."

"Tun yaushe kike waƙa?"

Ta rufe biron, ta buɗe. "Ya kai shekara biyu. Tun da na lura ba ka ji."

Na zauna a hannun kujera. Shekara biyu. Ni da nake lissafin watanni.

"Kullum?"

"Kullum. Har a bayanka kana aiki." Ta gyara gilashinta. "In ta dame ka, an ce akwai wurin ragewa a jiki."

Na ce akwai.

Ta ɗan jira, ta ga ban kai hannu kunne ba. Sai ta ja takarda ta gaba, ta yi gyaran murya, ta ɗora daga inda ta tsaya.